Ranar da Na Kira Sunan Yusufa

Na san abin da ake gaya muku a kaina a Unguwar Ya. An ce ni ce matar da ta shiga gidan surukarta ta yi abin da ba a yi, ni ce na sa kakarku Inna ta bar duniya ba ta ƙara cin tuwon hannuna ba. Ba ƙarya aka yi mini ba, na yi. Amma duk mai ba ku labarin daga tsakiya yake kamawa, ni kuwa tunda Allah ya ja kwanana, hannuna bai fara rawa ba tukuna, bari in ɗauko muku shi daga tushe. Ke Binta kina cikina a lokacin, saboda haka kada ki ce za ki gyara mini zance yadda kika saba.

Ni 'yar Kwandiko ce. Gidanmu Fulani ne da suka zauna suka kama noma, Fillancin ya tafi amma kunyar tana nan daram. A wurinmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi a gabanta sai ta kau da kai ta jira wani ya ɗaga shi. Uban ma haka. Har mahaifiyarmu ta rasu ban taɓa jin sunan yayata a bakinta ba, "waccan" take cewa. Kada ku ɗauka rashin so ne, da wannan ake gane 'yar gidan mutunci. Dangin babanku na Unguwar Ya, can wajen Birnin Kudu, har sun fi mu riƙo da abin. To da na haifi yayanku Yusufa a Gwaram, inda babanku yake aikin malamin gona, sai na kama kunyar nan da hannu biyu, don kada a ce an auro marar tarbiyya. "Ɗan Inna" nake ce masa, don kowa ya san na kakarsa ne, ranar da ta ga dama za ta aiko a kai mata abinta. Shi kuma da bakinsa ya buɗe sai ya ce mini Adda, kamar wata yayarsa, ku ma duk a bakinsa kuka ɗauka.

Tun yana goye na san ba kamar sauran yara yake ba. Ba ya kallon idon mutum. A kira shi ba zai waiwayo ba, amma keken babanku na shigowa lungu shi ne farkon ji. Ya kai shekara huɗu kalmominsa ba su cika yatsun hannu biyu ba: ruwa, tafi, akuya, Adda, da 'yan kaɗan. Wuni yake a gindin rumbu yana jera ƙwallon goriba a layi, idan kaza ta gusar da ɗaya sai ya sake daga farko. Mutane suka ce nauyin baki ne, wasu suka ce miskili ne kamar kakansa. Yanzu, ke Binta, 'yarki mai aikin asibiti ta ce mini likitoci suna da sunan da suke kiran irin wannan halitta, wai galahanga. A lokacinmu ko a mafarki ba mu ji shi ba. Amma ga abin da nake so ku riƙe: a waɗannan shekarun Yusufa ba matsoraci ba ne. Idan ana ruwa tsakar gida yake fita ya ɗaga kai ya buɗe baki, sai an janyo shi.

Bayan an gama yaƙin basasa da 'yan shekaru kuɗin mai suka fara shigowa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya rikice da sayayya. Wannan ya sayi babur, wancan rediyo. Babanku, Allah ya jiƙansa, rufin kwano ya sa a ransa. Ya fara yi wa mahaifiyarsa a Unguwar Ya kamar yadda ya dace, sannan da rani aka sauke jinkar ɗakunanmu biyu, kafinta ya buga kwano fari tas, ba silin ba komai. Wallahi na yi alfahari. Idan na je rijiya ina waiwaye in ga yana ƙyalli, har tafiyata ta canja.

Ruwan farko ya sauko mana da la'asar. Maƙwabta uku sun shigo fakewa, muna ɗaki gaba ɗaya, ina tsince wake a faifai. Da ruwan ya bugi kwanon nan sai ka ce ana zuba tsakuwa a tasa, ko maganar juna ba ma ji. Yusufa ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, ya ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakin ɗan Adam ba, ya ruga ya shiga buga goshinsa da bango. Tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Ban tashi ba. Na ci gaba da tsince wakena, don akwai idon mutane, ni kuwa uwar ɗan fari ce. Ladi maƙwabciyarmu ta rungumo shi, ya gantsara mata cizo a hannu.

"A'uzubillahi," in ji ta. "Hansai, yaron nan gamo ya yi. Iskar da ta zo da ruwan nan ce ta taɓa shi."

"Ku kuka sani da shi," na ce, ban ko ɗaga kai ba.

Daga ranar tsoro ya shiga gidanmu, kuma bai tsaya inda ya fara ba, kullum ƙara faɗi yake. Da farko sai an fara ruwa yake firgita. Bayan mako guda hadari kawai zai gani ya fara. Sai ya zama tun da safe yana tsaye a tsakar gida yana kallon gabas, yana kaɗa hannuwa, yana wani gunji ƙasa-ƙasa. Daga nan ya kama tsoron ƙarar taɓarya, tsoron murfin langa idan ya faɗi, tsoron motocin da ke shigowa ranar kasuwar Gwaram, waɗanda da har leƙensu yake yi. Ya bar jera goribarsa. Ya ƙi shiga ɗaki ko da rana tsaka, a ja shi ya riƙe ƙyaure da farce. Tuwo sai dai ya kalla, kunu ma sai da ɗure. Kalmominsa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama "tafi" kaɗai ta rage, ita yake maimaitawa yana cizon bayan hannunsa har ya yi jini. Ni ma na kamu. Da na ji iska ta canja sai gabana ya faɗi. Ina tsoron hadari, ina tsoron ɗana, ina tsoron kada a gane ina tsoro.

Ba zama muka yi ba. Babanku ya karɓo rubutu, aka ba shi ya sha. Aka kawo turaren hayaƙi, mutum biyu suka danne shi aka lulluɓe shi da bargo a kan kasko, yana shure-shure kamar ana yanka shi. Da aka yaye bargon ya saki fitsari a tsaye, daga ranar ko bargo ya gani sai ya gudu. Duk abin da muka yi masa da sunan magani, wani sabon abin tsoro muka ƙara masa. Kuma ba wanda ya tsaya ya duba me yake gudu, don mutum ɗaya da take wuni da shi, wadda za ta iya lura, ita ce aka hana ta kallonsa. Ta wutsiyar ido nake satar ganinsa kamar ɓarauniya.

Ana cikin haka Inna ta iso daga Unguwar Ya. Mace ce doguwa, ba ta da yawan magana, idan ta faɗi abu kuwa ya zauna. Ba muguwa ba ce, ku daina jin ana cewa na ce haka. Ta ga yadda ya rame, idonta ya kawo ruwa.

"Na zo ɗaukar ɗana," in ji ta. "Akwai mai magani ta wajenmu da ya san kan irin wannan. Ko kina da magana, Hansai?"

Tambayar al'ada ce, amsarta ma ta al'ada ce, tun ina yarinya na san ta. Na sunkuyar da kai na ce:

"Ku tafi da shi, Inna, dama ya ishe ni."

Wannan maganar ita ce abin da na fi nadama a duk rayuwata. Yana tsaye a wurin. Mutane suna cewa ba ya fahimta, ni na san yana ji. Aka ɗauke shi cak aka sa a motar kasuwa, motar da ko ƙararta ba ya iya jurewa. Ina madafa ina jin ihunsa har suka fita gari, ina ta tura itace a murhu alhali ba komai a kan wuta.

Kwana goma sha bakwai ba labari. Tuwo ya ƙi wuce mini wuya, mutane suka ce laulayin ciki ne, na bar su a haka. Ranar kasuwa sai ga wata mai sayar da daddawa 'yar Unguwar Ya, na san ta tun bikina. Ba zan iya tambayarta kai tsaye ba, sai na ce ya mutanen gida, ya Inna, ya yara. Ta dube ni ta gane.

"Yaran lafiya," ta ce, "sai dai na wajenki. An ɗaure masa ƙafa da igiya don yana gudu daji. Mai maganin ya ce duk sanda hadari ya taso a kulle shi a ɗaki shi kaɗai, iskar ta yi ta ihunta har ta gaji ta fita. Yanzu ma ihun ya ragu, don murya ta ƙare. Ni dai ban ga yana cin abinci ba."

Na koma gida ban san ta inda na bi ba. Babanku na dawowa daga aiki na tare shi tun bai jingine keke ba.

"Malam, yaron nan mutuwa zai yi."

"Wane yaro?" ya ce, alhali ya sani.

"Ka je ka ɗauko shi."

"In je in ce wa Inna me? In buɗe baki in ce ta ba ni ɗana? Ke ma kin san ba a yi."

"To ni zan je."

Ya jingine keken. Na ga gumi a goshinsa, na gane shi ma tsoron yake ji, kunya ce ta ɗaure shi kamar yadda ta ɗaure ni.

"Ban ce ki je ba," in ji shi. "Ban kuma ce kada ki je ba."

Washegari na shiga mota da cikina wata shida, na sauka a Birnin Kudu, na sami wata ta rage mini hanya, sauran na taka da ƙafa. Tun a hanya nake ganin gabas tana haɗa baƙi. Na isa bayan azahar, na tarar da gidan cike da mata, ana sussukar tsohon gero. Na durƙusa na gaida Inna, aka shimfiɗa mini tabarma a rumfa, aka kawo ruwa. Kun san gaisuwarmu ba ta da gajeriya: ya hanya, ya Malam, ya mutanen Gwaram, ya nauyin jiki. Ina amsawa idona yana yawo. Ban gan shi ba. Sai na ga ɗakin Inna mai sabon kwano a rufe, an sa sakata ta waje. Iska ta taso, mata suka hau kwashe gero. Ɗigon farko ya faɗi a kan kwanon, tas, na biyu, tas. Daga cikin ɗakin na ji wata 'yar murya a shaƙe kamar ta ɗan akuya, sai kuma ƙarar kai yana haɗuwa da ƙyaure.

Ban yanke shawara ba, kada in yi muku ƙarya in ce jarumta ce. Tsoro ne ya fi ƙarfin kunya. Na ga kaina a tsaye, na ji bakina ya buɗe:

"Yusufa! Yusufa, ga ni nan!"

Shekara huɗu da haihuwarsa, ranar sunan ya fara fita daga bakina, kuma a gaban surukata da matan gidanta kaf. Wata ta saki taɓarya, wata ta ce la'ilaha illallahu. Na zare sakatar na shiga. Yana kwance a bayan ƙyaure, goshi ya kumbura, igiya ta ci idon sawunsa har ya yi ruwa, ya zama ƙashi da fata. A cikin ɗakin ni kaina da nake babba sai da na ji kamar kaina zai tsage don ƙara. Na kwance igiyar da haƙori, na sungume shi a kan cikina na fita cikin ruwan. Ban san inda zan nufa ba, sai na ga bukkar awaki a ƙarshen gida, ta ciyawa, na kutsa ciki. Na kwance mayafina na naɗe shi tam, na matse shi a ƙirjina, ina ta faɗin sunansa a kunnensa kamar mai biyan azumin da ya sha.

A nan Allah ya buɗe mini ido. Ruwan bai tsaya ba, ƙaruwa ma ya yi, ana tsawa. Amma a ƙarƙashin ciyawa sautinsa laushi ne da shi. Jikin yaron da yake sandare ya fara saki, numfashinsa ya daidaita. Can sai ya zaro hannu ɗaya daga mayafin ya tara a bakin bukka, ruwa yana zuba a tafinsa, yana kallo. Na ce wayyo ni Hansai! Ba ruwa yake tsoro ba, ba iska ba ce, kwanon nan ne da nake alfahari da shi. Kunnensa ba irin namu ba ne, abin da muke ji ƙara shi azaba yake ji. Mun ɗauko shi daga kwano mun kawo shi kwano mun kulle, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na yi kuka a cikin awakin nan har na gode Allah.

Da ruwa ya ɗauke na fito da shi a goye, ga ciki a gaba ga ɗa a baya. Inna tana tsaye a bakin rumfa, matan sun yi cirko-cirko.

"Inna, ku yi mini aikin gafara," na ce. "Ba iska ba ce, ƙarar rufin ce."

"Yau na ga abin da ban taɓa gani ba," ta ce a hankali. "Kin kira shi a gabana, kin buɗe ƙofar da na rufe. Ashe ni ban iya riƙon ɗa ba. Tunda naki ne, ɗauki abinki. Amma ƙafarki kada ta sake taka gidan nan."

Ƙafata ba ta sake taka gidan ba kuwa, sai ranar da Inna ta rasu aka yi mata wanka. Shekara goma sha ɗaya ina aika mata tuwon sallah yana dawowa yadda ya tafi. Mahaifiyata ta aiko daga Kwandiko cewa na zubar mata da mutunci a idon surukai. Babanku ya zama yana zuwa gaida uwarsa shi kaɗai, ya dawo ya wuni ba ya magana, kuma ku kun tashi ba ku san daɗin kaka ba. Wannan duk ni na jawo, ban musa ba, kuma har gobe yana yi mini ciwo, don ina ƙaunar matar nan.

Amma ku ji abin da babanku ya yi. Bai ce mini sannu ba, bai ce don me ba. Kwana uku da dawowarmu ya kira masu jinka suka kafa bukka a bayan ɗakunan kwanon. Abokansa suka yi ta yi masa tsiya, wai malamin gwamnati ya koma ruga. A bukkar nan na koyi renon Yusufa daga farko, kamar ranar na haife shi. Na koyi in zauna in kalle shi ido buɗe, in gane abin da ke tayar masa da hankali kafin ya kai ga ihu. Na daina yi masa dole. Kwanon cin abincinsa ɗaya, wurin zamansa ɗaya, hanyar da muke bi zuwa rijiya ɗaya. Idan jikinsa ya fara rawa ba na yi masa tsawa, ba na tara masa mutane, sai in naɗe shi tam in yi shiru tare da shi. Babban abin da na gano shi ne ba ya son abu ya faɗo masa ba shiri. Sai na riƙa gaya masa komai tun kafin ya faru, da gajeriyar magana: Yusufa, hadari ya taso, za mu shiga bukka. Yusufa, gobe kasuwa, motoci za su zo. Yusufa, zan yi daka. Idan ya sani, ko abin da wuya yana iya ɗauka. Sai da damina biyu ta wuce kafin ya yarda ya tsaya a ƙofar ɗakin kwano ana yayyafi, da auduga a kunne, hannunsa a cikin nawa, taku ɗaya yau, taku ɗaya wani mako. Kalmomi suka dawo, har suka ƙaru. Mota ce dai har yau ba ya shiga, kuma tabon igiya yana nan a ƙafarsa, kun sha gani ba ku san mafarinsa ba.

Yanzu furfura ta cika masa kai, awakinsa sun fi na kowa ƙiba a unguwar nan, ba ya fashin sallah. Ni kuwa ƙafa ta ƙi, kuma tsoron da na ji a waccan shekarar ya dawo mini da wata fuska. Shekara hamsin ban bar wani abu ya same shi ba tare da na riga na gaya masa ba, ga shi akwai abu ɗaya da ke tafe wanda ban san ranarsa ba. Makon jiya bayan la'asar na kira shi ya zauna kusa da ni.

"Yusufa, wata rana zan tafi, ba zan dawo ba. Binta za ta riƙa ba ka tuwo."

"Gobe?" ya ce.

"Ban sani ba."

"Jibi?"

"Allah ne ya sani, Yusufa."

Ya fara kaɗa hannuwa, na riƙe su har ya lafa. Tun daga ranar kullum da safe sai ya leƙo ya tambaye ni ko yau ne, in ce masa ba yau ba ne, ya tafi wajen awakinsa.

Saboda haka ga roƙona, ku duka, ba Binta kaɗai ba. Ranar da ta zama yau ce, kada ku ɓoye masa, kada ku ce ba zai gane ba. Kafin a sanar da kowa, kafin mata su fara kuka, ɗayanku ya je ya same shi a bayan gida, ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya kira sunansa, ya gaya masa da gajeriyar magana cewa Adda ta tafi, mutane za su zo da yawa, za a yi hayaniya. Sannan ya zauna tare da shi, kada ya tashi sai hannuwansa sun daina rawa.